Zan yi musu aiki kyauta, sun ce sai sun ɗauki zanen yatsuna

Assalamu alaikum Malam. Shekarata 57, kuma na haura shekara ashirin ina zaune kusa da Sakramento a jihar Kalifoniya. Tasi na fara tuƙawa, daga baya na koma babbar mota, har ciwon baya ya sa na ajiye bara. Zaman gida ya ishe ni. 'Yata ta biyu ce ta samo mini aikin sa kai a wani gandun shaƙatawa na gwamnatin jiha, in riƙa tarbar baƙi, in taya zagayawa da 'yan makaranta. Na je mun zanta da matar da ke kula da masu aikin sa kai, ta nuna ta ji daɗi. Da zan tafi sai ta miƙo mini fom, ta ce in je a ɗauki zanen yatsuna a binciki tarihina tukuna. Raina ya ɓaci. Ni da zan ba su lokacina kyauta, su ɗauke ni kamar ɓarawo? Har na fara zargin ko saboda sunana ne da launin fatata.

Amma ba zan ɓoye maka ba. A 2009 mun yi rikici da wani fasinja kan kuɗin mota, har muka ci kwalar juna. 'Yan sanda suka kama ni, na kwana ɗaya a tsare, daga baya kotu ta kori ƙarar. Lokacin iyalina suna gida Najeriya, kuma har yau ban faɗa wa kowa ba, ko uwargida. Girin kad gare ni, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, na sabunta shi bayan abin ba a ce mini komai ba, kuma ina da niyyar neman zama ɗan ƙasa. Sati uku ke nan fom ɗin yana cikin mota. Kullum 'yar nan sai ta tambaye ni. Ina tunanin in ce mata bayana ne ya hana. Me ka gani?

Ɗan'uwanka daga Kalifoniya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara sauƙin bayan.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fom ɗin nan da ya yi sati uku a mota. Da fushi ne kawai, da tuni ka yaga shi. Ka ajiye shi ne domin kana son aikin. Hausawa suka ce tsoro na daji, kunya na gida, kuma ina ganin kunyar gidan ce ta fi riƙe ka. Zan zo kanta. Bari mu fara kawar da maganar cin fuska, don ita ce ta fi sauƙi.

Matar nan ba ta ware ka ba. Hukumar gandayen shaƙatawa ta Kalifoniya tana riƙe da wurare kusan 280, daga bakin teku zuwa dazuzzuka da gidajen tarihi, kuma dubban mutane ne ke yi mata aikin sa kai. Ba duka ake ɗaukar yatsunsu ba. Wanda ya zo rana ɗaya ya taya kwashe shara a bakin ruwa, sa hannu kawai yake yi ya ɗauki buhu. Amma wanda zai riƙa hulɗa da yara, ko ya riƙe makulli, ko kuɗi su bi ta hannunsa, ko ya kwana a sansani yana kula da masu zuwa, wannan sai an bincike shi. Aikin ne yake jawo binciken, ko wane ne zai yi shi. Tsohuwar baturiya da ta yi shekara talatin tana koyarwa, in ta nemi gurbin da ka nema, fom ɗin nan za a miƙa mata. Tun 1993 gwamnatin tarayyar Amurka ta yi dokar da ta buɗe hanyar bincikar masu kula da yara, a 1998 aka faɗaɗa ta domin ƙungiyoyin da ke aiki da masu sa kai. Ita ma Kalifoniya, daga farkon 2022 ta wajabta wa ƙungiyoyin da ke hidima da yara su binciki duk baligin da ke sa kai yana hulɗa da yara fiye da awa 16 a wata ko awa 32 a shekara. Ka ga ke nan har mai koya wa yara ƙwallo a ƙarshen mako bai tsira ba. Ba na cewa babu wariya a Amurka. Ka fi ni sanin abin da ka gani a bayan sitiyari. Amma wannan takardar ba ta cikin su.

Ka tuna yadda muke yi a gida. Mutum ya zo neman aure, ya yi sallama da ladabi, ya kawo kayansa, kowa ya yaba. Duk da haka sai an tura a tambayo unguwarsu, a ji ta bakin mai unguwa da limamin masallacinsu da abokan sana'arsa. Ba wanda yake cewa an zage shi, domin amana za a danƙa masa. Kai da kanka, ranar da wani ya zo neman 'yar nan taka, ba za ka ba shi don ya iya gaisuwa ba. To iyayen da suka sa yaransu a motar makaranta suka tura su daji su ma amana suka bayar, ga shi ba su san ka ba, ba su da mai unguwar da za su tambaya. Na'urar yatsun ce ta tsaya a madadinsa. Batun kyauta kuwa bai canja komai ba, don mai mugun nufi a kan yara ba albashi yake nema ba, kusanci yake nema, kuma aikin kyauta ya fi masa sauƙin samu.

Akwai ma wani abu da na daɗe ina faɗa wa mutanenmu: ga irinmu, binciken yatsa ya fi binciken suna aminci nesa ba kusa ba. Ka ƙirga Muhammadu nawa, Ibrahim nawa, Abdullahi nawa ke cikin kundin hukumomin ƙasar nan, daga Somaliya da Sudan da Pakistan da Najeriya, kuma da yawansu takardunsu sun ce ranar 1 ga Janairu aka haife su, saboda ba a rubuta ainihin ranar ba. In da suna da ranar haihuwa kaɗai za a bi, laifin wani yana iya faɗowa kanka, ka kwashe watanni kana wanke kanka. Yatsa kuwa naka ne kai kaɗai. Ko tagwaye ba su haɗa zane ɗaya ba.

Yadda abin yake tafiya ba wuya. Sunan tsarin Live Scan. Ba tawada ake dangwalawa ba, gilashi ne za ka ɗora yatsunka a kai, kamar yadda aka yi wa mutane a bankunan Najeriya lokacin rajistar BVN. Za ka je da fom ɗin da katin shaida mai hoto, ofishin 'yan sanda ko wani shago mai lasisin yi. Su tura zanen ta intanet zuwa Ma'aikatar Shari'a ta jiha, in kuma an buƙaci binciken ƙasa baki ɗaya, ya wuce zuwa ga hukumar binciken laifuka ta tarayya, wato FBI, wadda babban rumbunta na yatsu yake garin Clarksburg a jihar West Virginia. Amsar ba hannunka za ta zo ba, hukumar da ta aike ka za a tura wa. Mai ɗaukar zanen zai rubuta wata lamba a kwafin fom ɗinka; ka adana ta, da ita ake bin sawun inda aka kwana. Kafin ka je ka tambayi matar nan wa zai biya kuɗin, domin masu shagunan kowa da farashinsa.

Tunda ka yi shekaru kana riƙe da sitiyari da man inji, ga alwala sau biyar a busasshiyar iskar can, yana yiwuwa zanen yatsunka ya ɗan shafe. Ka riƙa shafa mai a hannu na 'yan kwanaki kafin ranar. In aka ce zanen bai fito ba, sai an sake ɗauka, kada gabanka ya faɗi. Tsofaffi da masu aikin hannu suna yawan samun haka, kuma ba ya nufin an ga wani abu.

Yanzu maganar 2009.

Kamu daban, hukunci daban. An kama ka, an kai ka kotu, kotu ta kori ƙarar. A idon doka ba a same ka da laifi ba. Dokar ƙwadago ta Kalifoniya ma ta hana yawancin masu ɗaukar aiki tambaya ko la'akari da kamun da bai kai ga hukunci ba. Abin da masu gandun suka fi sa ido a kai shi ne hukunci kan cutar da yara, lalata, mugun tashin hankali, da sata ga wanda zai riƙe kuɗi. Ba zan yi maka alkawarin abin da za su yanke ba, don ba ni ne zan yanke ba. Amma rigimar cin kwala da fasinja da ta wuce shekara goma sha biyar, wadda alƙali ya kora, ba irin abin da aka kafa binciken dominsa ba ne.

Inda matsala take yawan fitowa shi ne rubutun da bai cika ba. 'Yan sanda suna saurin tura labarin kamu, amma labarin yadda shari'ar ta ƙare sau da yawa ba ya biyo baya. A 2013 wata ƙungiyar kare haƙƙin ma'aikata mai suna National Employment Law Project ta fitar da rahoto cewa kusan rabin bayanan da ke hannun FBI ba su nuna ƙarshen shari'ar ba. Ke nan fayil ɗinka yana iya cewa an kama ka, ya yi shiru a kan cewa an sallame ka. In haka ta faru, Ma'aikatar Shari'ar jiha sai ta tsaya neman ƙarshen maganar, amsar da ke fitowa cikin 'yan kwanaki ta koma makonni, kai kuma kana gida kana saƙe-saƙe.

Saboda haka shawarata ita ce ka riga su gani. Doka ta ba ka damar neman kwafin naka bayanan. Na jiha, akwai fom na musamman na duba bayanan kai, a ɗauki yatsunka a wurin Live Scan ɗin nan, ka biya Ma'aikatar Shari'a dala 25 ban da ladan mai ɗauka, amsar ta zo maka kai kaɗai. Na FBI dala 18 ne. Wannan kwafin naka ne, kuma dokar jihar ta hana wata hukuma ko mai ɗaukar aiki ya tilasta maka ka nemo shi ka kawo masa. Daga nan ka je babbar kotun gundumar da aka yi shari'ar, ofishin akawu, ka nemi takardar da ta nuna an kori ƙarar, mai hatimin kotu. Ka karɓi kwafi biyu ko uku. In sun ce fayil ɗin ya tsufa an lalata shi, su ba ka wannan a rubuce da hatimi. In ka tarar bayanan jiha ko na FBI ba su nuna korar ba, da takardar kotun za ka nemi a gyara, kuma dukansu suna da hanyar yin haka. Ƙa'idar tarayya ma ta ce hukumar da ta binciki mutum ta hanyar FBI ta ba shi damar gyara kuskure, ta kuma ba shi lokacin da ya dace kafin ta hana shi gurbin saboda abin da ta gani.

Na dage kan takardar kotun ne domin amfaninta ya wuce gandun. Ranar da ka cike fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, za a tambaye ka ko an taɓa kama ka ko tsare ka, kuma a can amsar ita ce e, ko da an kori ƙarar, ko da an rufe fayil ɗin. Za su nemi wannan takardar. Mutanenmu da yawa sun jefa kansu cikin wahala a nan, ba don abin da suka yi ba, sai don sun ce a'a a inda ya kamata su ce e. Kalifoniya tana da dokar da ta ba wanda aka kama ba a hukunta shi ba damar neman kotu ta rufe bayanan kamun, kuma a 2022 an ƙara wata da ta faɗaɗa rufe tsoffin bayanai ba tare da mutum ya nema ba, har yana yiwuwa naka ya riga ya shiga ciki. Ofisoshin lauyoyin da gwamnati ke biya su kare marasa hali a gundumomi da dama suna taimakawa da wannan kyauta. Sai dai ka karɓi takardunka masu hatimi kafin ka nemi a rufe, don bayan rufewa samunsu yana ƙara wuya. Kuma kafin ka shigar da takardun zama ɗan ƙasa, ka zauna da lauyan shige da fice ko da na awa ɗaya ne. Lauya na gaske, ba mai cike wa mutane fom a bayan shago ba.

Na san tambayar da ke ƙasan ranka ita ce ko wannan binciken zai tono abin ya kai kunnen hukumar shige da fice. Ɗan'uwa, babu abin da ya rage a binne. Daren da aka tsare ka an ɗauki yatsunka. Lokacin da ka sabunta girin kad ma da yatsun nan aka duba ka a rumbun FBI, aka kuma ba ka katin. Sirrin da kake gadi, gwamnati ba ta cikin waɗanda ka ɓoye wa. Abin da ya kamata ka sani tsakani da Allah shi ne zanen da za ka bayar yanzu ana iya adana shi, kuma jihar tana da tsarin sanar da hukumar da ta ɗauke ka in aka kama ka nan gaba, har sai ta rubuta cewa ka bar aikin. In wannan bai kwanta maka ba, kana da 'yancin ƙi, ka zaɓi aikin da ba ya buƙatar bincike, kamar gyaran hanyoyin daji ko ranar share bakin ruwa. Ga masu karatu da takardunsu ba su daidaita ba, ko waɗanda aka taɓa yanke wa hukunci, amsar da na ba wannan bawan Allah ba taku ba ce. Ku ga lauya kafin ku ɗora yatsa a ko'ina.

Ita matar gandun, ba dole ne ka je ka zazzage mata tarihinka ba. Ka karanta tambayar da ke fom ɗinsu da kyau. In hukunci aka tambaya, amsarka a'a ce, kuma gaskiya ka faɗa. In wani abu ya fito suka kira ka, ka je da takardar kotu ka ce musu a taƙaice: a 2009 na yi saɓani da fasinja, kotu ta kori ƙarar, ga shaida. Ba sai ka yi rantsuwa ko dogon bayani ba. Masu wannan aikin sun saba ganin irin haka, kuma doka ta hana su yaɗa abin da suka gani. 'Yarka ba za ta ji daga bakinsu ba.

Saura gida. Kada ka ce wa yarinyar nan bayanka ne ya hana. Ita ta lura kana ƙuntata a zaune, ta nemo maka abin da zai fitar da kai cikin mutane. In ka yi mata ƙaryar ciwo, za ta shiga damuwa da lafiyarka, ta fara maganar likita, kai kuma ka ƙara wata ƙaryar a kan ta farko. Abin da za ka ce mata yau gaskiya ne kuma ya wadatar: akwai wasu takardu da nake son in haɗa tukuna, ki ba ni wata ɗaya. Ko za ka ba 'ya'yanka labarin 2009, wannan naka ne. Ba kowane abu uba yake buɗe wa 'ya'yansa ba, kuma wanda Allah ya rufa wa asiri ba a ce ya tona kansa ba.

Uwargida kuwa, ni a ganina ka faɗa mata. Ba don ka yi mata laifi ba. Dalilina shi ne wasiƙu za su fara zuwa gidan daga Ma'aikatar Shari'a da kotu, sannan ga zaman lauya da tambayoyin zama ɗan ƙasa a gaba, kuma zai fi mata ciwo ta tsinci labarin a ambulan da ta ji shi daga bakinka. Ka kuma duba abin da za ka faɗa ɗin. Kana kai kaɗai a ƙasar mutane, kana tuƙi dare da rana kana tura musu abin da za su ci, wani ya nemi ya cinye maka guminka, zuciya ta ɗebe ka, ka kwana ɗaya a tsare, alƙali ya sallame ka. Wataƙila ta yi fushin cewa ka daɗe ba ka faɗa ba, kuma tana da gaskiya. Ka ba ta haƙuri a kan wannan. Amma ina kyautata zaton abin da zai fi taɓa ta shi ne ka ɗauki wannan kai kaɗai tsawon shekarun nan. Ka zaɓi lokacin da yara ba sa nan, bayan sallar isha'i, ka faɗa mata a zaune.

Gobe ka kira matar gandun ka ce kana nan kan bakanka, kana buƙatar 'yan makonni, don kada ta ɗauka ka fasa ta ba wani gurbin. Ka ciro fom ɗin daga mota ka sa shi a fayil ɗaya da takardun da za ka karɓo. In amsar ta fito ka rubuto mini, ina son in ji. Allah ya sa yaran nan su amfana da kai.